Me Kika Gani, Rumfa ta Tara?

Shekara goma sha huɗu na yi ina tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da Yaya Tokiko a Rumfa ta Tara, a filin tseren motoci na Kumazasa. Har yau in wani ya ce min wai mu masu riƙe tuta kallon banza muke zuwa yi, ji nake kamar in kwaɗa masa sandar tutar. Rumfa dai sunanta rumfa. Keji ne na waya, taku huɗu a tsaye, taku biyu a kwance, da rufin kwano mai gasa mutum a watan Agusta. In aka rufe ƙofar da ƙarfe takwas na safe, ba mai fita sai Sama ta ce a fita. Sama kuwa ɗakin gilashin nan ne da ke kan bene a bakin layin tashi, inda Oga Inagaki yake zaune da oba-oba da fankarsa yana ba da umarni. Ko fitsari ne ya matse ki, sai ki matse shi ke ma.

Ni Nabeshima Chizuru ce, kitso da aski nake yi a gari ranakun aiki. Ita kuwa Kuramochi Tokiko awara take yi, ita da mijinta Shigeharu, a shagon da suka gada a gindin dutse. Ba yayata ba ce ta jini, ta dai riga ni shiga kejin da shekara goma sha bakwai, kuma ita ta koya min yadda ake riƙe tuta ba tare da kafaɗa ta sage ba. Gajeruwa ce, hannuwanta fari fat saboda ruwan waken suya, ga rashin son magana. Kullum da ƙullin dunƙulen shinkafa huɗu take zuwa, biyu nata biyu nawa, duk da na sha gaya mata gishirinta ya yi yawa.

Yadda ta shigo aikin nan ba wani abin burgewa ba ne. Mijin ne yake da cutar tsere. Tun suna amarya da ango yake da wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya mai lamba arba'in da ɗaya, duk ribar awara a cikinta take ƙarewa. Shekara uku ta yi tana zama a wurin 'yan kallo, tana ganinsa daƙiƙa biyar, ya ɓace bayan dutse, ta zauna tana cizon yatsa har ya sake ɓullowa. Rannan ta ce ta gaji. Ta je ta yi kwas, ta karɓi usur da ɗamarar hannu, ta roƙi a ba ta Rumfa ta Tara, wadda kowa yake gudu. Nan ne ƙarshen doguwar gangara, inda mota take saukowa da iyakar gudunta sannan a taka birki a sha kwana mai kaifi zuwa dama. Wanda birkinsa ya ƙi, 'yar tsakuwa ce a gabansa, sai tarin tayoyi, sai bangon dutse. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "In zai daki wani abu a filin nan, a nan zai daka. Gara ina kusa."

Shekara talatin da ɗaya a wuri ɗaya ta ba ta kunne. Ba ƙari nake yi ba. Tana iya juya wa hanya baya tana zuba shayin sha'ir, ta ce, "Takwas ya makara da birki," kafin in waiga sai ga Takwas a cikin tsakuwa yana tada ƙura. Ta san ƙafar kowane direba. Ta mijinta kuwa, taku ɗaya yake yi, dogo, ba gaggawa, yadda yake danne awara a cikin akwati.

To amma kunne ba ya cin kasuwa a Kumazasa. Dokarmu ta rahoto abu uku ce: lambar rumfa, lambar mota, da abin da idonki ya gani. Ba a cewa "ina jin", ba a cewa "kamar". An ce da daɗewa wani ya yi zato, aka tsayar da motar da take gaba, aka duba ba komai, rigimar ta kusa rufe filin. Tun daga nan Oga Inagaki ba shi da waƙar da ta wuce gani ya kori ji. Kuma maganar birki, a dokar ƙungiyarmu, ta direba ce. In mai yana zuba, ko wani ƙarfe yana reto da zai faɗo wa na baya, Sama za ta sa a ɗaga baƙar tuta mai ɗigon ruwan goro da lambar motar, dole direba ya shigo wurin gyara. In kuwa birki ne ya yi laushi ba abin da ya fito fili, sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya ci gaba in ya ga zai iya.

Ranar da nake son ba ku labari, Lahadi ce ta ƙarshen Agusta, kuma tseren Shigeharu ne na ƙarshe. Shekararsa sittin da shida, likitan ido ya ce daga bana an gama. Shekara talatin da huɗu yana tsere bai taɓa zuwa na ɗaya ba, na uku ne iyakarsa, sau biyu. Da safe ya biyo ta bayan kejinmu da hular kwanonsa a hammata.

"Maman Yoriko, yau ki tanadi tafi. Na share kan kanta, na bar wa kofi wuri."

"Ka dai dawo da ƙafafunka biyu, Baban Yoriko. Gobe akwai waken da za a niƙa."

Na ce, "Yallaɓai, wurin da ka share ɗin, ka ba ni aro in ajiye tukunyar fure, kada ya zauna a banza."

"Ke Chizu, bakinki ya fi almakashinki kaifi. Shi ya sa duk wanda kika yi wa aski yake sayen hula."

Muka yi dariya, ya wuce. Zagaye ashirin za a yi, kowanne kamar daƙiƙa saba'in.

Abin da ba wanda ya zata ya faru a zagaye na uku. Yaran nan biyu da suke gaba suka gogi juna a kwana ta biyu, duka suka fita. Sai ga shuɗiyar mota ta ɓullo kan gangara ita ce a gaba. Na yi tsalle har kaina ya bugi kwano. Yaya Tokiko ko gezau, ta ce in tsaya daidai, muna bakin aiki. Amma na ga kunnuwanta sun yi ja.

Haka aka tafi har zagaye na goma sha biyu. Ya sauko, ya sha kwana, ya wuce, ni ban ga komai ba. Sai na ji ta ajiye kofin shayinta.

"Sau biyu ya taka."

"Wa?"

"Baban Yoriko. Ya taka, bai samu ba, ya sake takawa."

"Haba Yaya, zumuɗi ne. Mutum bai saba zama a gaba ba."

Ta matso jikin waya, ta karkata kai. A na goma sha uku ni ma na lura fitilar birkinsa ta yi ƙyaf-ƙyaf sau uku, kuma ya fara takawa tun daga allon mita ɗari da hamsin, shi da yake kaiwa ɗari. Injin ya yi wata irin kuka don ya sauke giya da wuri, yana neman ta riƙe masa motar. Ta ɗauki oba-oba.

"Sama, Tara ce. Mota arba'in da ɗaya, birkinta ba daidai yake ba."

"Tara, me kika gani?"

"Yana famfa birki. Ƙafar gaba ta hagu tana kukan ƙarfe."

"Kukan gani kika yi ko ji?"

"Ji na yi."

"Hayaƙi? Mai? Wani abu yana reto?"

"Babu."

"Fitila tana kamawa, birki yana aiki ke nan. Tara, ci gaba da lura."

Ci gaba da lura! Kai, da a gabana yake da na cusa masa oba-oban a baki. Ga mu nan da tutoci bakwai a jere a jikin waya: rawaya, kore, shuɗiya, fara, duk da abin da kowacce take faɗa, kuma ba ko ɗaya da take cewa Baban Yoriko ka tsaya. Ja tana nan, amma ɗaga ta ba da izinin Sama ba daidai yake da ki jefa motoci ashirin cikin haɗari, wannan ya taka birki na baya ya hau kansa. Fita ba dama. Ihu ba ya jin sa a cikin hular kwano. Abin da ya rage mana kawai mu tsaya mu jira shi ya dawo, daƙiƙa saba'in, mu ga ko wannan karon motar za ta tsaya.

Zagaye na goma sha huɗu, tayarsa ta baya ta taɓa tsakuwa. Na goma sha biyar, motar ta yi wutsiya, ya kamo ta da ƙyar. Ta bayansa, wata farar mota, ta fara cin tazarar. Yaya Tokiko ta sake kira, aka sake tambayarta abin da ta gani, ta sake faɗin gaskiya, aka sake ce mata ta lura. Ta kira tantin makanikansa su gaya masa ma ba hali, don ƙananan motocin nan ba su da rediyo. Zufa tana bin wuyanta, hannunta na dama ya riƙe waya har yatsun suka shige ciki.

Na ce, "Ai ya sani, Yaya. Ƙafarsa ce a kai. Zai shigo da kansa."

"Ba zai shigo ba. Shekara talatin da huɗu, Chizu. Ke za ki shigo?"

Ni ma na san amsar.

A na goma sha shida ya wuce mu da ƙaurin ƙarfe mai ƙuna, har a rumfa muka shaƙa. Ƙauri ma ba gani ba ne. Ta bi shi da ido har ya ɓace, ta dubi kwalta, ni ma na duba. A bushe take ƙayau, ko ɗigo babu. Ta danna maɓalli, muryarta daidai kamar mai karanta farashin awara.

"Sama, Tara ce. Mota arba'in da ɗaya, man birki yana zuba daga ƙafar gaba ta hagu. Na gani."

Matar nan ko minti ɗaya ba ta taɓa ƙarawa a rahoto ba. Sai Oga Inagaki ya yi abin da doka ta ce, ya nemi mutum na biyu.

"Tara, ta biyu. Nabeshima, kin tabbatar?"

Ni ke nan. Gaba kura baya siyaki. In na ce na gani, na yi ƙarya, ɗamarata ta tafi. In na ce ban gani ba, na mayar da mutumin nan kan gangara. Yaya Tokiko ba ta ko dube ni ba, ba ta roƙe ni da ido ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Kun san abin da ni mai bakin nan na ce? Ni da ba a taɓa kada ni a cacar baki ba?

"Sama, rana ta kashe min ido. Ban iya tantancewa ba."

Rana tana bayanmu. Kowa a filin ya san rana tana bayan Rumfa ta Tara da yamma. Kunyar wannan maganar har yau ba ta sake ni ba.

Sai Oga ya ce, "An karɓa, Tara," don maganar Tokiko ce, kuma maganar Tokiko ba a taɓa samun ta da rami ba. Muka ji yana ba da umarni a ɗaga baƙar tuta a layin tashi da lamba arba'in da ɗaya.

Amma ko ya ga tutar, sai ya sake biyowa ta gabanmu kafin ya kai mashigar wurin gyara. Wannan zagayen na goma sha bakwai shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ya ɓullo kan gangara, kuma maimakon ya sauko da gudu, ya saki totur tun daga sama, ya koma gefe. Farar motar ta wuce shi fuu. Ya zo kwanarmu a hankali, ya juyo da hular kwanonsa ya dubi kejin. Ita ma ta dube shi, hannuwanta a gefe, yadda aka koya mana tsayuwa. Da ya wuce sai ta zauna a kan tukunyar kashe gobara. Ba ta yi kuka ba. Haka muka ƙarasa zagaye ukun da suka rage a kulle, da wasu tsere biyu bayansu, tana ɗaga tuta duk inda ya kamata.

Da aka buɗe mu da yamma, labari ya riga mu isa. An ɗage motar, ba a sami ɗigon mai ba. An dai sami takalmin birkin hagu ya cinye saura kamar farce, faifan birkin kuma ya yi tsaga siririya. Makanikai biyu suka tsaya a kai suna musu. Ɗaya ya ce zagaye uku ai zai kai, tsoho ne mai hankali, da giya ma zai lallaɓa. Ɗayan ya ce faifan nan taku ɗaya mai ƙarfi ya rage masa ya tarwatse. Har yau ba a raba wannan gardamar ba, kuma ba za a raba ba.

Shigeharu yana zaune a kan taya, ya cire safar hannu ɗaya ya manta ɗayar. Ta je ta tsaya a gabansa.

"Saura uku," ya ce.

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa."

"Ƙafata ce a kan birkin, Maman Yoriko, ba kunnenki ba. Na san abin da ya rage min. Ban roƙi kowa ya cece ni ba."

"Ba ka roƙa ba."

"Da wani ne ba ni ba, za ki yi masa haka?"

"Ban sani ba," ta ce. Ta juya ta nufi bene tun ba a kira ta ba.

Na bi ta, don ba ni da fuskar tsayawa a ƙasa. Ta ajiye usur da ɗamara a kan teburin Oga Inagaki, ta sunkuya. Shi kuwa, in faɗi gaskiya, ya nemi ya ba ta ƙofa. Ya ce birkin ai ya lalace da gaske, a rubuta cewa ido ne ya yaudare ta, zafi ya yi yawa, kowa yana kuskure.

"Ban yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Ƙarya na yi. In ka rubuta kuskure, gobe wani zai ce ya ga mai ka tsaya kana tunani. Nabeshima kuma ba ruwanta, ba ta tabbatar ba."

A kan matakala na tare ta. "Ke wace irin mace ce? An buɗe miki ƙofa kin mayar kin rufe! Ki bar ni ni kaɗai a kejin nan da wa?"

"Ki rage surutu a oba-oba," ta ce, "kuma ki riƙa shan ruwa."

Rahoton ƙarya hukuncinsa ɗaya ne, an karɓe takardar aikinta har abada. Shigeharu ya sayar da motar. Wata biyu na ji ba ya ce mata komai sai maganar wake da gishiri. Na je shagon sau ɗaya, na ga wurin da ya share a kan kanta yana nan fayau, ba kofi, ba wanda ya ɗora ko cokali. Suna aiki gefe da gefe, shi yana danna, ita tana yanka, shiru kamar gidan makoki. Na sayi awara biyu na gudu.

Aka rufe filin saboda ƙanƙara, aka sake buɗewa a watan Afrilu. Aka haɗa ni da wata mata mai kirki wadda ba ta bambance kukan birki da kukan ƙofa. Ranar farko, ina jera tutoci, sai na ji ana jan kujera a bayana. Akwai shingen 'yan kallo kamar taku goma bayan kejinmu, wurin da ba mai zama don ba inuwa. Na waiga, sai ga su. Sun sayi tikiti, yen dubu biyu-biyu. Shi ne yake ɗauke da kujerun ninkewa guda biyu, ya buɗe nata ya goge da hannun riga kafin ya buɗe nasa. Suka zauna. Ta cillo min ƙullin shinkafa ta saman waya, gishirin yana nan yadda yake.

Haka suka riƙa zuwa duk ranar tsere. A watan Yuli, ana tsakiyar tseren ƙananan motoci, wani magidanci mai lamba goma sha bakwai yana na biyu, na san matarsa tana kawo 'yan biyunsu aski wurina. Ya sauko, ya sha kwana, ya wuce. Ban ga komai ba. Sai murya daga bayana, muryar da ban taɓa jin ta ɗaga ba.

"Chizu! Sha bakwai!"

Na waiga. Tana tsaye ta riƙe shinge da hannu biyu. Shigeharu ma ya miƙe, ya cire hularsa, yana gyaɗa min kai. Shi da ya ce ƙafar direba ta fi kunnen kowa.

Na ɗauki oba-oba. Wannan karon ban nemi rana in ɓuya a bayanta ba.

"Sama, Tara ce. Mota sha bakwai, birki. Ban ga komai ba. Kuramochi Tokiko tana bayana, ta ce ta ji."

Na san Oga ya san ko wace ce, na san ya san kunnenta bai taɓa faɗuwa ba. Na ji numfashinsa a cikin oba-oba.

"Tara, 'yar kallo ba ta ba da rahoto. Ke me kika gani?"

"Babu."

"Ci gaba da lura."

Abokiyar aikina ta yi tsuru-tsuru tana kallona. Can bayan dutse ina jin injina suna hawowa, saura daƙiƙa arba'in su ɓullo kan gangara. Na dubi kwalta, a bushe take ƙayau. Na tuna 'yan biyun nan, yadda ɗaya yake kuka in an taɓa masa kunne. Na goge tafin hannuna a wando, na sake danna maɓallin.

Matar magidancin nan mai lamba sha bakwai ta daina kawo min yaran aski, ta ce na cuci mijinta, ya kusa hawa dandamalin karɓar kofi a karon farko. Wataƙila ta yi gaskiya, ban sani ba. Ni ma an karɓe takardar aikina saboda man da na ce na gani. Yanzu dai duk ranar tsere kujera uku Baban Yoriko yake ɗaukowa.